Yadda Ake Jinyar Ƙafar Mai Tundurmi a Gida, Daki-Daki

Tun da na taɓo maganar kumburin ƙafa a kwanakin baya masu karatu suke ta aiko da tambaya, wasu daga cikin birnin Zariya, wasu daga Tudun Wada da Sabon Gari, wasu kuma daga ƙauyukan bakin kogin Galma inda ake noman fadama. Kusan duka tambayar iri ɗaya ce: an yi allura, an sha na asibiti, an sha na gargajiya, amma ƙafar mahaifi ko ta mahaifiya ta ƙi sacewa, to me ya rage a yi? Idan kumburin na tundurmi ne, abin da ya rage shi ne jinyar gida, amma sai an fara sanin yadda ciwon yake.

A jikin mutum, ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran magudanai da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin nama su mayar da shi cikin jini. Suna bi ta wasu ƙananan ƙullutai a wuya da hammata da matsematsi, waɗanda ke tace ƙwayoyin cuta, kuma su ne ke kumbura mu ce kaluluwa ta fito. Tsutsar da ke haddasa tundurmi, wadda sauro ke ɗaukowa daga wani ya sa wa wani, a cikin waɗannan magudanai take zama shekara 6 zuwa 8 tana lalata su. Idan suka lalace sai ruwa ya kwanta a ƙafa, kuma ƙafar ta rasa ƙarfin kare kanta. Abin da ke ƙara mata girma da kauri daga nan shi ne ƙwayoyin cutar da ke shiga ta faso, ko ƙurji, ko tsakanin yatsu, su tayar da zazzaɓi. Duk lokacin da zazzaɓin ya taso ya kwanta, ƙafar takan fi da girma. Saboda haka jinyar gaba ɗaya ta tattara ne a kan toshe waɗannan ƙofofi.

1. A fara tabbatar da irin kumburin

Ba kowane kumburin ƙafa ne tundurmi ba, kuma kuskure mafi tsada shi ne a zauna ana jinyar gida alhali zuciya ce ko ƙoda ke da matsala. Kumburin tundurmi yakan fara ne a hankali, galibi a ƙafa ɗaya, ko kuma ɗaya ta fi ɗaya. Da farko yana sacewa idan an kwana, daga baya ya daina sacewa, fata ta yi kauri, ta fara ninkewa a idon sawu, har ta kai ga fitar da ƙullutai.

Idan ƙafafu biyu ne suka kumbura daidai wa daida, ga haki, ko fuska na kumbura da safe, ko fitsari ya ragu, ko ciki ya ɗauki ruwa, to asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Haka nan ƙafar da ta kumbura farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu da ciwo a sharaɓa, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, domin tana iya kasancewa jini ne ya daskare a jijiya, kuma wannan yana kisa. A fara da asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Gargaɗi game da gwaji: 'ya'yan tsutsar da dare suke fitowa cikin jini, shi ya sa ake ɗibar jinin dubawa tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 2. Sau da yawa wanda ƙafarsa ta daɗe da kumbura ba a ganin komai a jininsa, saboda tsutsar ta riga ta mutu ta bar ɓarnarta. Kada wannan sakamako ya sa a ce ai ba ciwon asibiti ba ne, a koma zargin sammu ko jifa.

Kaluluwa ma a sa mata ido. Wadda ta fito saboda rauni ko ƙurji tana da zafi, kuma takan koma idan raunin ya warke. Amma wadda ta yi tauri, ba ta ciwo, ta wuce mako biyu ko uku tana ƙara girma, ga rama da gumin dare, tana iya zama tarin fuka na wuya ko ciwon daji na waɗannan ƙullutai. Ana gwajin tarin fuka a cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye da sauran asibitocin gwamnati, kuma maganinsa kyauta ne.

2. A haɗa kayan aiki

Kayan ba su da yawa, kuma duka ana samunsu a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada da kemis na unguwa: roba mai faɗi wadda ƙafa za ta shiga a sake, buta ko moɗa, sabulun wanka marar ƙamshi marar launi, ƙyalle mai laushi na auduga guda uku ko huɗu, abin yanke farce, basilin ko man kaɗanya mai tsabta, man kashe cin-ruwa irin su clotrimazole ko man Whitfield, ruwan wanke rauni irin na aidin, tef ɗin awo irin na tela, da ƙaramin littafin rubutu. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi ya fi sabon tawul mai kaushi, a yayyanka shi a kalmashe bakinsa.

Kuɗin da za a riƙa kashewa wata-wata na sabulu ne da man cin-ruwa. Sauran kayan sau ɗaya ake saye su daɗe. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne takalmi da kuɗin mota zuwa asibiti, kuma duka biyun ba su kai abin da iyali ke zubarwa wajen masu tallar maganin kumburi a bayan mota ba.

Kada a yi amfani da sabulun soda na wankin kaya, ko omo, ko sabulun bilicin, domin suna busar da fata su tsattsage ta. Robar da ƙyallayen kuma a ware su don wannan aiki kaɗai, ba don ciwon yana yaɗuwa ta taɓawa ba, sai don tsabta. Mai wanke ƙafar majinyaci ba ya ɗaukar tundurmi, kuma cin abinci kwano ɗaya da shi ba ya kawo komai.

3. A duba fata kafin a zuba ruwa

A zaunar da majinyaci a wuri mai haske, a wanke hannu da sabulu, sannan a bi ƙafar a tsanake daga gwiwa zuwa yatsu. A buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya a duba tsakaninsu, a buɗa kowane ninki na fata a leƙa cikinsa, a duba dunduniya da tafin ƙafa da gefen farce. Abin da ake nema shi ne wurin da ya yi fari ya jiƙe kamar ruwa ya ci, da faso, da ƙurji, da ƙujewa, da wurin da ke wari ko tsattsafo da ruwa. Wanda jikinsa ya yi nauyi ba ya iya ganin tafin ƙafarsa, sai a sa madubi ko wani ya duba masa.

Dattawa da yawa ba sa son a ga ƙafar, musamman idan suruka ce ko jika ke jinya. A bi su da lalama. "Baba, a ɗan miƙo ƙafar a kan kujerar nan in duba, yanzu za a gama," ya fi tasiri a kan faɗa, kuma idan kunya ta hana, a samu ɗa namiji ga uba, 'ya mace ga uwa.

4. Wanki

Wannan shi ne ginshiƙin jinyar, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ana wanki sau biyu a yini, da safe da kuma kafin kwanciya. Idan ba zai yiwu ba sai sau ɗaya, to a zaɓi na dare, bayan an gama zirga-zirgar yini. Ruwan ya zama mai tsabta irin wanda za a iya sha, ba mai zafi ba, ba na ƙanƙara ba. A lokacin hunturu ana iya ɗan kashe masa sanyi, amma mai jinya ya gwada da bayan hannunsa, domin fatar da ta yi kauri ba ta jin zafi yadda ya kamata, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

A sa ƙafar cikin roba a jiƙa ta da buta. A murza sabulu a hannu har ya yi kumfa, a fara daga gwiwa a gangaro ƙasa, ana shafawa da tafin hannu ba tare da dirza ba. Idan aka zo ninkin fata, a naɗe ƙyalle siriri mai kumfa a zura a ciki a goge a hankali, haka ma tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwansa. A ɗauraye da ruwan buta, a zubar da na cikin robar, a sake sabulu. Za a maimaita har sai ruwan ɗaurayar ya fito fes. A kwanakin farko yana iya kaiwa sau uku ko huɗu, kada a gaji. Warin da ke sa majinyaci ya daina zuwa masallaci da taron biki daga cikin waɗannan ninki yake fitowa, kuma shi ne abu na farko da ke gushewa idan aka dage.

Kada a yi amfani da soso mai kaushi, ko buroshi, ko dutsen goge kaushi, kuma kada a kankare ƙullutan fata da reza. Duk ƙujewar da aka yi, komai ƙanƙantarta, sabuwar ƙofa ce aka buɗe. A wanke ɗaya ƙafar ma ko da ba ta kumbura ba, domin sau da yawa magudananta sun taɓu, alamar ce kawai ba ta bayyana ba. A fara da mai lafiyar, a ƙare da mai ciwon.

5. Tsanewa da shafa magani

Wanki ba tare da tsanewa ba ɓarna ce, domin danshi ne abincin cin-ruwa. A ɗauki busasshen ƙyalle a riƙa dannawa a hankali maimakon gogewa, a bi tsakanin yatsu da cikin ninki har su bushe ƙayau, idan ya kama a yi fifita da mafici. A nan akwai abin da ake yawan mantawa: musulmi yana wanke ƙafa wajen alwala sau da yawa a yini. A ajiye ƙyalle kusa da buta, ana gama alwala a tsane tsakanin yatsu kafin a sa takalmi. Ƙyallen da aka yi amfani da shi a wanke a shanya a rana.

Bayan ƙafa ta bushe, a shafa man cin-ruwa kaɗan a inda ya yi fari, a murza har ya shige, sau biyu a yini, kuma a ci gaba da shafawa mako ɗaya ko biyu bayan wurin ya yi kamar ya warke. Ƙaramin rauni a goge shi da ruwan aidin. Sauran fatar da ta bushe, musamman dunduniya a lokacin hunturu, a shafa mata basilin ko man kaɗanya.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a sa basilin ko man kaɗanya a tsakanin yatsu ko cikin ninki, domin suna riƙe danshi. Kuma kada a sayi man nan na kemis mai haɗe-haɗe da ake cewa yana maganin kowane ƙaiƙayi, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take amma ya sirantar da fata ya ƙara wa cin-ruwa ƙarfi. Farce kuma a yanke shi a miƙe, ba a ƙure ba, da abin yankan majinyaci na kansa. Masu yankan farce na yawo su bar wannan ƙafa.

6. Ɗagawa da motsawa

Ruwa gangare yake bi. Idan majinyaci yana zaune, a ɗora ƙafar a kan kujera 'yar tsugune ko buhu da aka shimfiɗa wa matashi, ta yi daidai da ƙugu, kuma matashin ya tallafe ta daga gwiwa har dunduniya. Da dare a ɗaga ƙarshen katifa ta hanyar cusa matashi ko naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashinta, ko a sa bulo a ƙafafun gado na wajen sawu. Mai ciwon zuciya ko wanda ke haki idan ya kwanta kada ya yi wannan sai da izinin likita.

Motsi kuwa shi ke tura ruwan sama. A tsaya a dafa bango a ɗaga dunduniya a tsaya a kan yatsu a sauke, sau 10 zuwa 15. A zaune ko a kwance a riƙa lanƙwasa sawu sama da ƙasa, a juya shi da'ira. Ana iya yi a shago, a majalisa, ko ana sauraron rediyo. Tafiyar ƙafa daidai gwargwado tana da amfani, doguwar tsayuwa wuri ɗaya da zaman da ƙafa ke reto su ne abin gudu.

Kada a ɗaure ƙafar da tsumma ko roba don a matse kumburi. Akwai naɗin bandeji na musamman da ke taimakawa, amma ma'aikatan sashen gashin ƙashi ne ke yinsa su koya wa iyali. Ƙwayoyin sa fitsari da ake saye a kemis ba sa sace irin wannan kumburi, sai dai su ƙarar da ruwan jiki su wahalar da ƙoda.

7. Takalmi

Kada majinyaci ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Takalmin kanti ba kasafai yake shiga ba, kuma na roba mai rufi yana tara gumi. Zariya ba ta rasa dukawa da masu ɗinkin takalmi ba, don haka a je da majinyaci da yamma, lokacin da ƙafar ta fi kumbura, a auna shi a ɗinka masa sandal mai faɗi, mai laushin ciki, mai maɗauri da ake sassautawa ko a matse, ba ƙusa a tafinsa. A kwanakin farko a riƙa cirewa ana duba ko ya ƙuje. Manomin fadama da ba shi da makawa sai ya shiga ruwa da taɓo, yana fitowa ya wanke ya tsane, kada ya bari sai dare.

8. Idan zazzaɓin ƙafa ya taso

Alamominsa ba sa ɓuya: ƙafa ta yi zafi ta yi ja ta ƙara kumbura, kaluluwa ta fito a matsematsi, ga rawar sanyi da ciwon kai, wani lokaci har da amai. Yakan ɗauki kwanaki, kusan mako guda, daga baya fata ta saɓule. Da yawa suna ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro su yi ta shan maganinsa a banza.

Majinyaci ya kwanta ya ɗaga ƙafar yadda zai iya jurewa. A jiƙa ƙyalle da ruwan randa mai sanyi a lulluɓe ta, ana canzawa idan ya ɗumama, har zafin ya lafa. A ba shi ruwa ya sha sosai, a ba shi farasitamol, a dakatar da motsa ƙafa da bandeji. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, domin ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin, kuma a shanye adadin da aka rubuta ko da an ji sauƙi. Wanki kuma a ci gaba da shi a hankali da zarar zai iya jure taɓawa, a nemo ƙofar da cutar ta shiga a yi mata magani.

A wannan hali ne 'yan'uwa ke kawo shawarar gashi da ruwan zafi, ko tsaga, ko ƙaho, ko sakiya, ko a shafa dakakken ganye da toka. Ina girmama wanzamai a aikinsu, amma wannan ƙafa ba tasu ba ce. Abin da ke cikinta ba mataccen jini ba ne da za a zuƙe, kuma tsagar da aka yi takan zama gyambon da ke shekara bai rufe ba. Bororon da ya taso ma kada a fasa shi.

A garzaya babban asibiti, ko da tsakar dare ne, idan majinyaci ya fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa, ko amai ya hana shi riƙe magani, ko jan yana hawa cinya da sauri, ko ruwan mugunya ya fito, ko an cika kwana biyu cur ana shan magani ba sauƙi. Mai juna biyu da mai ciwon suga kuwa ba a jira da su ko kaɗan.

9. Maganin tsutsa da gidan sauro

A ƙananan hukumomin da cutar take, ma'aikatan lafiya suna rabon magungunan tsutsa, Mectizan da albendazole, kyauta sau ɗaya a shekara, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadinsa, kuma ana maimaitawa aƙalla shekara 5. Da wannan rabo, haɗe da gidan sauro, aka kai ga dakatar da yaɗuwar cutar a jihohin Filato da Nasarawa, aka sanar a 2017. Idan rabon ya zo unguwa, kowa a gidan ya karɓa, ban da mai juna biyu, da yaron da tsawonsa bai kai santimita 90 ba, da wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani.

Sai dai a sani cewa wannan magani 'ya'yan tsutsa yake kashewa don kada sauro ya kai wa wani, ba ya sace ƙafar da ta riga ta kumbura. Mutane da yawa sun sha, ba su ga canji ba, suka yanke ƙauna daga asibiti baki ɗaya. Likita yana iya rubuta doksisaikilin na makonni don raunana manyan tsutsotsin, amma ba a ba mai juna biyu ko yaro ƙasa da shekara 8, kuma ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne. A Nijeriya sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya shi ne ya fi yaɗa wannan tsutsa, don haka gidan sauro mai magani yana aiki biyu.

10. Hannu, gwaiwa, da littafin awo

Matar da aka yi wa aikin ciwon dajin mama aka cire ƙullutan hammata tana iya samun irin wannan kumburi a hannu, kuma matakan duka ɗaya ne. Ta cire zobe da awarwaro masu matsewa, ta guji baƙin lalle mai sinadari a wannan hannu, ta kuma gaya wa ma'aikacin lafiya ya yi allura da awon jini a ɗaya hannun.

Gwaiwa, wato ruwan da ke taruwa a maraina, tana daga cikin ɓarnar wannan tsutsa, amma ita tana da magani na dindindin, wato ƙaramin aikin tiyata da ake yi a manyan asibitoci. Zuƙe ruwan da allura a kemis ba ya hana shi dawowa, ga haɗarin shigar cuta. Kafin a samu aikin, a riƙa wanke wurin da sabulu ana tsanewa kamar yadda aka bayyana.

Tun ranar farko a auna kaurin ƙafa da tef a wuri uku: tsakiyar sawu, idon sawu, da tsakiyar sharaɓa, a rubuta nisan kowane wuri daga ƙasa don a riƙa auna wuri ɗaya. A maimaita sau ɗaya a wata, da safe, a rubuta da kwanan wata. A wani shafi kuma a rubuta duk ranar da zazzaɓin ƙafa ya taso da kwanakin da ya yi. Kumburin da bai daɗe ba yakan ragu a gani a tef, wanda fatarsa ta riga ta yi kauri kuwa ba lallai ya ragu sosai ba, amma shafi na biyu zai nuna ko tazarar da ke tsakanin zazzaɓi da zazzaɓi tana ƙaruwa. Idan an yi wata uku ana bin matakan kuma zazzaɓin bai ragu ba, a ɗauki littafin a koma wurin likita da shi, domin akwai waɗanda ake ɗora wa maganin kariya na dogon lokaci.